Keken miliyan 2 da jika 600: a saurare mu kafin a taɓa asusun fada



Yau maganar keke muka kawo. Mun san wani zai ce, ana fama da tsadar hatsi su kuma keke ne damuwarsu. A yi mana haƙuri a ji ƙarshen zancen, don magana ce ta kuɗin jama'a, kuɗin da aka tara jika bibbiyu, kuma ranar Lahadi mai zuwa za a yanke hukunci a kansu.

Mu ƴan wata fada ce ta masu hawan keke a nan Maradi. Mu 25 ne, akwai malaman makaranta, akwai ƴan kasuwa, akwai tela, akwai ɗalibai. Duk Lahadi bayan sallar asuba mukan fita, wata rana mu nufi Tibiri, wata rana Jiratawa, mu dawo kafin rana ta yi zafi a dafa shayi. Shekara 3 ke nan kowa yana zuba jika 2 a asusu duk wata, ba a taɓa ko dala ba. Wanda ya iya lissafi ya buga: miliyan 1 da jika 800. To sati biyu da suka wuce wani ɗan uwanmu da ke zaune Turai ya turo hoton wani keke a WhatsApp ɗin fada. Keken hawan dutse ne, irin wanda ake ce ma VTT, sabo dal, gangar jikinsa duk ta karbon, da shokozoba gaba da baya, da giya 12, da birki mai aiki da mai. Ya ce zai kawo mana shi har gida a kan miliyan 2 da jika 600, wato kusan yuro 4,000. Tun ranar fada ba ta sake zama lafiya ba. Wasu manyanmu suka ce a kwashe asusun duka, a ranto jika 800 a cika, a saya ma ƙanenmu wanda ya fi mu duka gudu, don in an tashi tsere a Yamai ko wani wuri ya fidda mu kunya.

Mu da muka rubuto wannan ba mu yarda ba. Kuma ba don ƙyashi ba ne, yaron nan mu muka koya mashi canja giya, in ya ci tsere mu ne farkon masu ihu. Mun kawo maganar nan fili ne don mun ji irinta tana yawo a wasu fadodin Yamai da Damagaram, kuma a WhatsApp wanda ya fi yawan turo murya shi ke cin gardama.

Bari mu fara da gaskiyar da ke wajen abokan gardamarmu: keken yana da kyau. Ba za mu yi ƙarya don mu ci muhawara ba. Har a ɓangarenmu akwai wanda ya ce wai ranar Maradi za ta narkar da shi kamar roba, mun ce mashi ya bar wannan zancen, zafin watan Afrilu ba ya narkar da karbon. Abin da ake ce ma karbon zare ne siriri, ya fi gashin kai sirantaka, ana shimfiɗa shi falle-falle, a jiƙa shi da wani irin danƙo mai ƙarfi, a jera fallayen da hannu cikin mazubi, kowane falle da inda zarensa ya fuskanta, sannan a gasa. Kamfanin Toray na Japan yana cikin manyan masu yin zaren, har jiragen sama ake ƙerawa da shi. Yawancin gangar kekunan nan, ko da sunan da ke jikinsu na Amurka ne ko na Turai, a masana'antun Taiwan da Sin ake yin su. Abin yana fitowa ba nauyi, ga ƙarfi a inda aka nufa ya yi ƙarfi. Wannan duk gaskiya ne.

To amma nawa ne rashin nauyin? Nan ne ake rufe mana ido. Tsakanin gangar karbon da gangar aluminiyom mai kyau, bambancin bai cika wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya ba. Kilo ɗaya fa. Ledar piya-wata biyu ke nan. Ƙanen namu da kekensa da ruwan da yake ɗauka sun kai kilo 80 da wani abu, a cire kilo ɗaya a ciki, kashi ɗaya ne da ɗan ɗoriya cikin ɗari. Kuma wannan kashi ɗayan ma a hawan tudu yake aiki. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa abin da ke riƙe mai keke iska ce da ke bugun ƙirjinsa da kuma yadda taya ke cin ƙasa, nauyin ganga kusan ba ruwansa. Dan Allah jama'ar Maradi, ina dutsen? Daga nan zuwa Tibiri wane tudu muke hawa? Abin da muke da shi rairayi ne, da kwalta mai ramuka, da hanyar burji mai gargada, da gulbi in ya ƙafe. Mutanen Tawa su ne ma ke da bakin magana, su da ke da duwatsun Adar wajen Keita da Buza, ko mutanen Damagaram da ƴan duwatsunsu, ko na Dogon Dutsi. Dutse na gaske kuwa sai Abzin, inda Bagzan ya haura mita 2,000, kuma ba wanda ya taɓa ce mana can za a kai keken. An ƙera shokozoban baya ne don gangarowa daga dutse a guje, ana tsallake saiwoyi da tsakuwa. A hanyarmu, ƙarin nauyi ne da ƙarin abin lalacewa.

A tambayi duk wanda ya taɓa fita da mu abin da ke tsayar da mu a hanya. Ƙaya ce. Tsidau ne, da ƙayar aduwa, da ta bagaruwa. Babu Lahadin da za mu dawo ba a yi faci biyu ko uku ba. Sai sarƙa da rairayi ke ci kamar zarto. Sai yaran da ke biyo mu da keken aro, birki ɗaya, kai ba hula. Wanne daga cikin waɗannan karbon zai gyara? Tsidau ba ya tambayar kuɗin keke kafin ya shiga taya.

An ce mana ai tayar wannan keken ba ta da tub, wani ruwan danƙo ake zubawa ciki, in ƙaya ta shiga ya toshe da kansa. Gaskiya ne, kuma abu ne mai amfani ƙwarai a ƙasar ƙaya. Sai dai ruwan yana bushewa cikin ƴan watanni, a wuri mai zafi irin namu ya fi saurin bushewa, dole a dinga ƙarawa. Kuma wannan dabarar ba ta karbon ba ce, ana yin ta a keken aluminiyom in ƙafarsa da tayarsa irin waɗanda suka dace ne. Ke nan abin da ya fi yi mana amfani a jikin keken, ana samun shi ba sai an biya miliyan biyu ba.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, a nan muke so a tsaya da kyau. Ƙarfe in ya ji wuya lanƙwashewa yake yi, ka gani da idonka. Aluminiyom yakan loɓa ko ya tsage, shi ma ka gani. Karbon ba haka yake ba. Yana ɗaukar nauyin mutum da bugun hanya ba gajiya, amma ba ya son duka a wuri ɗaya, ba ya son matsa. Dutse mai kaifi ya buge shi, ko keken ya faɗi gangar ta daki bakin kwalbati, fallayen ciki suna iya rabuwa da juna alhali fentin waje yana nan sumul. Kyan ɗan maciji ke nan. Mutum ya ci gaba da hawa bai sani ba, ranar da zai karye kuma ba ya sallama. A ƙasashen da ake hawan irinsa akwai masu duba shi da na'ura, irin wadda ake duba mai ciki da ita a asibiti, akwai kuma ƙwararru da ke kankare wurin su sake shimfiɗa sabon zare. A nan fa? Tsohon keken Rali na babanka in ya karye, ka tura shi wajen mai walda, kafin la'asar ka hau ka dawo. Ba a yi ma karbon walda. Ba a buga shi da guduma ya miƙe.

Mun je wajen dattijon da ke yi mana gyara tun muna yara, muka nuna mashi hoton. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: ƴaƴana, wannan in kun kawo mini, iska kawai zan sa mashi, ba ni taɓa noti ko ɗaya. Muka ce don me, Baba? Ya ce shi da hannu ya saba ɗaurewa har sai ya ji noti ya yi ƙara, wannan kuwa ya ji labari in ka ɗaure da yawa fashewa yake yi. Kuma gaskiya ya faɗa. In kuka duba kusa da notocin irin waɗannan kekuna za ku ga an rubuta lamba, misali 5 Nm, wato iyakar ƙarfin da za a ɗaure da shi, kuma da wata sifana mai awo ake yin haka. A fadarmu babu mai ita. Dattijon da ya shekara arba'in yana gyaran keke ya ce ba zai taɓa ba, mu da muka koyi gyara a YouTube mu ne za mu taɓa?

Sai maganar tafiya da shi. An ce don tsere za a saye shi, tseren kuma ba a ƙofar gidanmu ake yi ba. Daga Maradi zuwa Yamai ya haura kilomita 600. Duk mun san yadda ake loda keke a tasha: a cusa shi ƙarƙashin bas tsakanin buhuna da akwatuna, ko a ɗora shi bisa rufi a ja igiya har sai yaron mota ya taka da ƙafa ya ƙara ja. Keken ƙarfe ya sauka da ƙujewa, ka shafa ka wuce. Wannan matsar igiyar ita ce ainihin abin da karbon ba ya so. Ke nan kafin a busa usur ɗin tsere, ƙila keken ya riga ya ji ciwon da ba mai gani.

Mu ɗauka Allah ya tsare, bai faɗi ba, ba a matse shi ba. Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawar kullum ita ce wuya. Kamfanonin da ke yin shokozoban nan da kansu suka rubuta a littafinsu cewa a buɗe a canja mai da robobi bayan wasu awoyi na hawa: RockShox ya ce ƙaramin gyara duk awa 50, Fox ya ce babban gyara duk awa 125 ko sau ɗaya a shekara. Yaron da ke atisaye da gaske zai cinye awa 50 cikin wata ɗaya da ɗan kai. Wannan kuma lissafin ƙasar da ba ta san ƙurar hunturu ba ne. Wa zai buɗe? Da wane mai? Birkin shi ma da nasa man, na wani kamfani ba ya shiga na wani, in ka zuba wanda ba shi ba robobin ciki su kumbura. Sarƙar giya 12 siririya ce, ba irin wadda ke rataye a rumfunan kasuwa ba ce, in ta ci ba a canja da wuri ba sai ta cinye haƙoran baya, su kuma kuɗinsu kaɗai ya isa ya sayi keken ɗan makaranta. Kowane ɗayan waɗannan sai an yi odarsa daga waje. Kuma ba sai mun tuna ma kowa ba, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke zuwa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina, ƴan kasuwar Maradi sun fi kowa sanin tsawon jiran da kuɗin da ya ƙaru. Ƙaramin ƙarfe ɗaya ya lanƙwashe, keken miliyan biyu ya jingina da bango wata biyu yana jiran wani ya taso daga Faransa da shi cikin jaka. Asusun kuma ba ko dala, ga bashin jika 800 a wuya.

An ce akwai garanti. Mun tambaya: garantin wa? Manyan kamfanonin keke sukan ba da garantin ganga ne ga wanda ya saya da farko, da rasit daga shagon da suka amince da shi, kuma garantin na aibin ƙira ne, bai shafi faɗuwa ko matsar igiya ba. In ɗan uwanmu ya saya da sunansa a can ya kawo mana nan, mu masu saye na biyu ne. Ko da ma an yarda, sai an mayar da gangar shagon da aka saye ta su duba. Wa zai biya jirgi? Ba muna zargin ɗan uwanmu ba ne, mutumin kirki ne, mun yarda da niyyarsa. Amma shi ma ana iya cutarsa. Kasuwar intanet cike take da gangunan karbon na jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, da kuma waɗanda suka taɓa faɗuwa aka shafe su da sabon fenti. A hoto duk ɗaya suke.

To yanzu bari mu zo ga hujjar da ta fi ƙarfi a wajensu, wadda ta sa har wasunmu suka yi shiru ranar da aka faɗe ta. Wani yayanmu, mutumin da muke girmamawa, ya ce: wai mu har abada sai dai mu hau abin da Turawa suka yar? Yaranmu ba su cancanci sabon abu ba? Ga Biniam Girmay na Eritiriya can ya nuna ma duniya, shi da keken gwangwani ya yi? Wallahi maganar ta taɓa mu, don duk mun san zafin a je tsere a ga yaronka a kan tsohon keke, na wasu suna walƙiya.

Amma Yaya, da girmanka, misalin da ka kawo namu ne, ba naka ba. Gaskiya ne a 2024 Biniam ya ci zango 3 a Tour de France, ya tafi da koriyar riga, shi ne baƙin ɗan Afirka na farko da ya ci zango a wannan tseren. Gaskiya ne a kan karbon ya ci. Sai dai wannan keken ƙungiyarsa ce ta ba shi, da makanikai da ke wanke shi su duba shi kullum, da wani keken a bisa mota yana biye da shi in wannan ya samu matsala. Abin da ya haifi Biniam ba keken ba ne. Asmara ce, birnin da ke bisa tudu sama da mita 2,300, inda keke ya shiga jinin mutane tun zamanin Italiyawa, inda ake rufe tituna a yi tsere yara da manya suna kallo. Cikin ɗaruruwan yara masu tsere ne ɗaya ya fito, aka gan shi, aka kai shi cibiyar horo ta hukumar keke ta duniya a Suwizalan, sannan karbon ya zo ya same shi. Maƙwabtanmu na Burkina ma haka ne, tun 1987 suke yin Tour du Faso, kuma ƙarfinsu daga yawan masu hawa ya fito, duk wanda ya taɓa shiga Wagadugu ya ga kekuna kamar fara. Ruwanda da ta karɓi gasar duniya ta tseren kwalta a Kigali a 2025, karo na farko a Afirka, shekaru ta yi tana gina tsere da horo kafin ta kai nan. Mu kuma so muke mu fara daga rufin ɗaki, ba tushe ba bango.

Kuma abin dariya, shi kansa wasan hawan dutsen da keken gwangwani aka fara shi. A shekarun 1970 wasu samari a Kalifoniya ta Amurka, irin su Gary Fisher da Joe Breeze, suka dinga tono tsofaffin kekunan ƙarfe masu nauyi na zamanin iyayensu, suna gangarowa da su daga dutse. Hanyar da suke tsere a kanta tun 1976 sunanta Repack, don in an gangaro sau ɗaya man birkin baya yakan ƙone, sai an sake cusa wani. Sai a 1981 kamfanin Specialized ya fara fitar da irin keken da yawa a kasuwa, sai a 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Mutane ne suka fara yawa, tsere ya kafu, kamfanoni suka biyo baya da kayan tsada. Ba inda aka yi akasin haka.

Akwai kuma wanda ba a tambaya ba cikin duk wannan hayaniya: shi yaron. Ɗalibi ne, babansa ba mai hali ba ne. A ɗora mashi keken da mutum 25 suka yi shekara 3 suna tara kuɗinsa, da bashi a sama, a ce je ka ci tsere. Tsere kuwa sai da kasada, sai ka shiga kwana a guje, sai ka kutsa tsakanin mutane, kuma duk mai tsere yana faɗuwa, babu wanda ba ya faɗuwa. Yaron da ke tunanin miliyan biyu a ƙarƙashinsa birki zai dinga ja inda wasu ke taka feda. Ranar da ya faɗi kuma, mun san halinmu. Bakin da ke yabonsa yau shi zai ce ai ganganci ya yi. Akwai zumuncin da ya mutu a garin nan a kan abin da bai kai wannan ba. Mun ja shi gefe mun tambaye shi, tsakaninka da Allah me kake buƙata? Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai in zai samu tayoyi masu kyau da takalmin keke da kuɗin mota zuwa wajen tsere, ya gode. Bai ambaci karbon ba. Kunya ce ta hana shi faɗa a gaban manya.

A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 a wata, kuɗin keken nan albashin wata 62 ne, shekara 5 da wata 2, ba ci ba sha. Ba mu kawo wannan don mu sa kowa jin kunya ba. Wanda Allah ya hore ma, ya ga keken ya yi mashi, ya sa hannu a aljihunsa ya saya, wallahi sai mu taya shi murna, mu ma roƙi ɗani. Mutane suna sayen doki na ado da ya fi haka tsada, ba wanda ya ce masu don me. Kuɗinka ne, sha'awarka ce. Amma asusu ba aljihun mutum ɗaya ba ne. Cikin masu zubin nan akwai telan da wani watan sai ya ranta yake cika jika biyunsa don kada a ce ya gaza. Ba mu tara kuɗin nan don a ɗauki hoto a sa a Facebook ba.

Ana ce mana masu suka ba su da abin yi sai suka. To ga abin da muke so a yi da miliyan 1 da jika 800, ba tare da an ranto ko dala ba. A saya ma ƙanenmu keken aluminiyom mai kyau, mai shokozoba a gaba kawai, mai kayan giya irin waɗanda ake samun sarƙarsu a Kano ko Yamai, a sa mashi tayoyi nagari, a saya mashi takalmi da hular kwano ta gaske. Mun yi tambaya, wannan ba zai ci rabin asusun ba. Da sauran a sayo kekuna na hannu masu rai, a gyara su, su zama na fada, yaran unguwa da ke biyo mu a guje su samu abin hawa ranar Lahadi, da hula a kan kowa. A sayi akwatin kayan gyara, har da sifanar nan mai awo, a ajiye wajen Baba, a haɗa shi da yaro ɗaya mai karatu da zai dinga duba littattafan kamfani suna koya tare. A ware kuɗin mota da masauki na zuwa tsere sau biyu ko uku a shekara, don yaron da bai je tsere ba ko keken zinariya gare shi ba wanda zai san da shi. In ma da saura, mu shirya ɗan tsere namu a nan, ko zagayen unguwa ne, da izinin hukuma, a ga yara nawa za su fito. Mu mun yi imani cikin yaran Maradi akwai wanda ya fi ƙanenmu gudu, bai taɓa samun keke ba ne kawai. In ƙanenmu ya je ya yi ta ci a kan aluminiyom, masu ba da karbon su za su neme shi, kuma su za su biya harawar.

Ƴan uwa na Yamai da Damagaram da Tawa, in akwai wanda ya taɓa mallakar irin keken nan a ƙasar nan ya shekara biyu yana hawansa, dan Allah ya turo mana murya kafin Lahadi. Ya faɗa mana nawa ya kashe a gyara, wa ya buɗe mashi shokozoba, wata nawa keken ya yi a jingine. In ya ce mun yi kuskure, za mu sa muryarsa a gaban fada kowa ya ji, ba za mu ɓoye ba.

Ranar Lahadi bayan mun dawo daga Tibiri za a zauna. Mun roƙi shugaban fada abu biyu: kada a yi ƙuri'a ta ɗaga hannu a gaban manya, a ba kowa takarda ya rubuta, har da yaron. Sannan kafin a raba takardun, a kira ɗan uwanmu na Turai a waya a buɗe murya, ya gaya mana sunan shagon, da lambar da ke jikin gangar, da sunan wanda za a rubuta a rasit, da wanda zai biya duwan, da wanda zai biya jirgi in ganga ta tsage. Masu son a ranto jika 800 kuma su faɗi sunan wanda zai sa hannu a takardar bashin, don mu dai ba za mu sa ba.